Wa zai koya wa matasanmu cefane?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako bai wuce kwano biyu na wake ba. Wata ranar Asabar da hantsi, ana gab da faɗuwar damina, mahaifiyata ta aiki ɗan ƙanwata, saurayi ɗan shekara 17 da ke ajin ƙarshe na sakandare, ya sayo waken da za a yi alala. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo yana washe baki, ya dire leda a gabanta ya ce, "Hajiya, yau kin yi sa'ar miji. Duba ki gani, ko huda ɗaya babu, ga shi kuma na samu ragin Naira 200 a kowane kwano." Tsohuwa ba ta tanka ba, sai da ta damƙi waken ta kai hanci, ta sake shinshinawa, sannan ta ture ledar gefe guda. "Kai dai maigidan nan ba ka iya cefane ba," in ji ta. "Waken da aka girbe tun kaka, ƙwaro bai taɓa shi ba, ga wari kamar ɗakin da aka yi wa feshin sauro, ka tambayi mai shi abin da ya tsorata ƙwaron?"

Yaron ya juyo wajena a sanyaye ya ce, "Kawu, to ni ina zan sani? Ai ba wanda ya taɓa gaya mini."

Wannan magana tasa ce ta tsaya mini a rai, domin kuwa gaskiya ya faɗa. A yawancin gidajenmu na birni mace ce ke girki amma namiji ne ke cefane, kuma da yake maigida yakan fita nema tun da sassafe, sai aikin ya faɗo kan samarin gida. Ke nan sanin abinci yana cikin gida wajen uwa da kaka, kuɗin kuwa yana aljihun yaron da bai taɓa tsayawa bakin murhu ba. Iyakar abin da muke koya masa shi ne taya da neman ragi, kuma da yawan canjin da ya dawo da shi muke auna wayonsa. To, ta yaya ba zai ɗauko mai araha ba? Bahaushe ya ce araha ba ta ado, ni kuwa na ƙara da cewa wani lokacin har gadon asibiti take kai mutum. Ga kuma dubban ɗalibai a jami'o'i da kwalejoji, da samari masu sana'ar hannu, waɗanda ba wanda ke dafa musu, kullum su ke yanke wa kansu abin da zai shiga cikinsu tun daga teburin mai shayi har zuwa tukubar mai tsire.

Tsoron da mahaifiyata ta nuna ba camfi ba ne. Akwai 'yan kasuwar da ke zuba wa wake maganin ƙwari irin wanda ake kira fiya-fiya, ko Sniper, wato sinadarin da masana ke kira dichlorvos, domin kada ya ɓalge kafin farashi ya tashi. An yi wannan magani ne don feshi a gona, ba don a cakuɗa shi da abin da za a zuba a tukunya ba. A shekarar 2008 ɗalibai mata fiye da 100 aka kwasa zuwa asibiti daga wata makarantar kwana a Jihar Gombe bayan sun ci wake da aka adana da maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dichlorvos da aka riƙa samu a jikinsa. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: waken da Turawa suka ce ba zai shiga ƙasarsu ba, ina ya nufa? Ai bai wuce tukwanenmu ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna, amma doka daban, abin da ke faruwa a bayan rumfa daban.

Sai dai a nan dole in yi wa tsohuwa gyara, ko da yake ba a gabanta ba. Ba kowane wake marar huda ne aka zuba wa guba ba. Akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka kuma fara baza shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowanne tamau, sai ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Don haka hancin kaka yana da amfani, amma shi kaɗai bai isa ba. Abin da yaro ke bukata shi ne ya san cewa akwai tambayar da ake yi: "Malam, da me aka adana shi?" Mai gaskiya zai nuna masa buhun. Wanda ya fusata don an tambaye shi kuwa, fushin nasa ma amsa ce.

Ba wake kaɗai ba. Ana nuna mangwaro da ayaba da kabayid, garin nan da masu walda ke amfani da shi, sai ka ga bawo ya yi ruwan ɗorawa gwanin sha'awa, ciki kuwa ga tauri ga tsami, ban da dattin sinadarai masu cutarwa da ke tattare da garin. Ana rina manja da jan rini na masana'anta domin ya ɗauki ido. Bromet da wasu masu gidan burodi ke zubawa don ya kumbura, tun zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, aka haramta shi saboda zargin yana da alaƙa da ciwon daji. Mutanen Kano kuwa ba za su manta da abin da ya faru a 2021 ba, ana gab da shiga azumi, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu da fitsarin jini, wasu ƙoda ta taɓu, aka kuma rasa rayuka aƙalla 10, bayan shan lemon haɗi da aka yi da garin da ya lalace da kuma wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Wa ake aike ya sayo irin wannan gari a ƙulle cikin farar leda, ba suna ba kwanan wata? Yaranmu ne.

Idan aka koma ga abincin da ke cikin kwali da gwangwani da leda mai hoto, to a nan kaka ba ta da ta cewa, domin hanci ba ya ratsa gwangwani. Nan ne ya kamata ɗan makaranta ya fi kowa amfani a gida, tunda bayanin da Turanci ake rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar kiyashi. Amma na jarraba ɗan ƙanwata da abokansa biyu, na miƙa musu kwalin biskit na ce su gaya mini abin da ke ciki, babu wanda ya juya bayan kwalin. Ba su san cewa ƙa'ida ita ce a jera kayan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci ba, ta yadda idan sukari ne ya zo na farko ko na biyu, to alewa ce kake saye ko da an zana alkama da madara a gaba. Ba su saba duba ranar da aka yi abu da ranar da wa'adinsa zai ƙare ba, balle su lura ko an kankare kwanan watan an buga wani. Lambar rajistar NAFDAC sun san da ita, sai dai sun ɗauka duk abin da ke ɗauke da ita ya zama lafiyayye, alhali masu jabu ma sun iya buga lamba, kuma rajista ba ta nufin abu ya dace a sha shi safe da yamma. Tambarin nan mai siffar ido da ke jikin man girki da sukari da fulawa, wanda ke nuna an ƙara musu bitamin A kamar yadda doka ta wajabta tun farkon shekarun 2000, ɗayansu cewa ya yi ya zaci ado ne.

Ko madarar gari da muke zuba wa shayi, da yawa daga cikin masu araha ba cikakkiyar madara ba ce. An yaɗe man shanun an sayar da shi da tsada a can inda aka yi ta, an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, sannan aka turo mana. Ba guba ba ce, kuma an rubuta hakan a jikin ledar ga mai karantawa. Amma ya kamata mai saye ya san abin da ya biya kuɗinsa. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna cewa abincin jarirai na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe irin namu an ƙara masa sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙara ba. Kamfanin Nestlé ya kare kansa da cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Ko ma mene ne, darasin da matashi zai ɗauka shi ne, girman suna ba ya ɗauke masa nauyin karanta bayan gwangwani.

Maganar sukari ce ta fi ba ni wahala da yaran, domin wa'azi ba ya shiga kunnen saurayin da ke jin ƙishirwa a watan Afrilu. Sai na bar dogon bayani na aika aka kawo sukari da cokalin shayi da kofin gilashi. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato robar rabin lita tana da kusan giram 50. Cokalin shayi ɗaya kimanin giram 4 ne. Na ce ɗan ƙanwata ya riƙa zubawa yana ƙirgawa. Da ya kai cokali 8 sai ya ɗago kai ya dube ni, na ce ci gaba. Sai da ya kai 12. Na ce to zuba ruwa ka shanye. Ya ce, "Haba Kawu, wa zai iya shan wannan?" Na ce kai, jiya ma sau biyu. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin wannan giram 50 ɗin a yini ga baligi, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini guda ke nan. Harajin Naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan lemuka bai hana kowa sha ba, kuma ban yi zaton zai hana ba. Kofin gilashin nan ya fi shi aiki.

Kada kuma mu yaudari kanmu da cewa duk abin da yake na gargajiya lafiyayye ne. Zoɓo da kunun aya da ake ɗurawa a robobin da aka tsinto, wasu sun fi lemon kamfani sukari, ga kuma rashin sanin irin ruwan da aka yi su da shi. Man da mai ƙosai ko mai awara ta soya abu da shi har ya koma baƙi, ba al'ada ce za ta wanke shi ba. Gishiri ma haka: abin da masana lafiya suka ce kada a wuce a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da cikin cokalin shayi, ga shi kusan rabin nauyin ɗanɗanon dunƙule gishiri ne. Saurayi zai zauna wajen mai shayi a dafa masa taliyar leda biyu da duk garin ɗanɗanon da ke ciki, a ƙara dunƙule a cikin ƙwai, sannan a yi mamakin yadda hawan jini ke kama mutanen da ba su kai shekara 40 ba. Daddawar kalwa da iyayenmu suka dogara da ita tana nan a kasuwa, amma yaro na jin kunyar a gan shi da ita.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja: mai jin yunwa ba ya zaɓe. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsanani, har a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a cikin shekara guda. Magidancin da ke sayen shinkafa gwangwani-gwangwani, idan ka tsare shi da maganar bitamin, zai ga ka raina masa hankali. Ban musa ba. Amma a ganina talaka ne ya fi kowa bukatar wannan ilimi, domin mai kuɗi idan ya yi kuskure yana da abin zuwa asibiti, shi kuwa talaka wankin ƙoda na mako guda ya isa ya tashi gidansa. Sannan sau da yawa abin da ya fi amfani shi ne ya fi araha. Kuɗin lemo da biskit da ɗalibi ke kashewa a tara zai saya masa gyaɗa da ayaba, ko dafaffen ƙwai, ko ɗan wake, ya kuma riƙe masa ciki har la'asar. Matsalar ita ce tallace-tallacen da yake gani a waya, a TikTok da Instagram, sun koya masa cewa wayewa tana cikin kwali, zogale da rama kuwa abincin ƙauye ne.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato haƙƙin wasu da ke rataye a kan abin da muke saye. Na sha ganin saurayi ya shiga babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki ya biya farashin da aka liƙa ba tare da ya ce uffan ba, ya fito ya tsaya kan tsohuwa mai sayar da alayyafo yana ja-in-ja a kan Naira 50 har sai ta sallama a kan faɗuwa. Wa ya koya masa haka? Mu ne, da muke yabon ragi ba mu taɓa gaya masa inda ragi ke zama zalunci ba. Bafulatanar da ta taso da ƙwaryar nono tun asuba, da manomin tumatir na Kadawa ko Kura wanda a tsakiyar rani kwandunansa ke ruɓewa a bakin titi don rashin mai saye, duk suna cikin lissafin cefanenmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Idan yaro ya ɗauki tumatirin leda da aka haɗa da markaɗen da aka shigo da shi daga waje a daidai lokacin da ɗanye ya yi arha, ko ya manta da kauɗa lokacin da ɗanyen ya yi tsada, ya yanke hukunci a kan aljihun wani ba tare da ya sani ba. Ba cewa nake kada a sayi kayan waje ba. Cewa nake a san abin da ake yi.

Wata tambayar ma ni kaina ban gama warware ta ba. Yarinyar da ke yawon tallar gyaɗa da ƙarfe goma na safe, lokacin da sa'o'inta ke aji, idan na saya na ƙarfafa wa iyayenta gwiwar ci gaba da hana ta karatu. Idan na ƙi saye kuma, wataƙila a daren nan ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Da na jefa wa yaran wannan tambaya sai da suka shafe rabin sa'a suna musu, kuma musun ya fi mini daɗi a kan a ce sun haddace amsa. Sai batun leda, wadda muke ƙulla koko da tuwo da zafinsu a ciki, mu jefar ta toshe magudanan ruwa, awaki su haɗiya su mutu. Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci a watan Janairun 2024. Mu nan ko kwano daga gida yaro ya ɗauka zuwa wajen mai abinci, ya rage wani abu. Almubazzarancin da ake yi da shinkafa a wuraren biki kuwa, addini da al'ada duk sun yi tir da shi tun kafin a haife mu, kamar yadda suka yi tir da algus da tauye mudu.

Haka kuma ya kamata matashi ya san yana da baki. Akwai hukumar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ga NAFDAC, kuma jihohi irin su Kano sun kafa tasu hukumar. Wanda ya sayi abin da ya lalace, ya adana kwalin da rasit in akwai, ya fara komawa wajen mai kaya, in ba a saurare shi ba ya kai ƙara. Amma a koya masa ya faɗi abin da ya gani da idonsa kawai, ba ƙari. A watan Satumban 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi, maganar ta kai har kotu. Mutane da yawa, har da ni, sun ga an wuce gona da iri a kanta. Duk da haka labarin ya nuna cewa hujja a hannu ta fi zafin rai.

To, wa zai koyar? A ƙananan makarantun sakandare akwai darasin tattalin gida, amma a wurare da yawa an mayar da shi na 'yan mata, samarin da su ne ke zuwa kasuwa kuma suna can suna ƙwallo. Malami ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje kafin ya ce kowane ɗalibi ya zo da ledar abin da ya ci jiya a karanta bayanta a aji, a yi lissafin sukari da gishiri a kan allo; ga Turanci, ga lissafi, ga kimiyya a darasi ɗaya. Gidajen rediyonmu da ke cika mana kunne da tallar dunƙule za su iya ware minti goma a mako don irin wannan. Amma babban aikin na gida ne. Uba ya ɗauki ɗansa su tafi kasuwa tare ko da sau ɗaya a wata, ya ga yadda ake duba hatsi da nama da mai. Uwa kuma, idan yaro ya kawo cefane, ta zaunar da shi ta nuna masa abin da ta gani, maimakon ta karɓa ta yi tsaki ta shige madafa.

Waken nan dai mayar da shi aka yi. Ni na raka yaron, na tsaya daga nesa na bar shi ya yi magana da kansa. Mai kayan ya ɗan yi gunaguni, ya rantse shi ma haka ya saro shi, amma ya dawo da kuɗin. Muka zaga wata rumfa inda yaron, murya na rawa, ya tambayi dattijon da ke wurin da me ya adana nasa. Dattijon ya yi dariya ya jawo buhu ya buɗe masa leda biyun da ke ciki, ya ce rabon da wani ya yi masa wannan tambaya har ya manta. Mun biya ƙarin Naira 200 ɗin a kowane kwano. A hanyar komawa gida yaron ya tsaya wajen mai firij zai sayi lemo, na kawar da kai kamar ban gani ba. Na dai hango shi ya juya robar yana karanta bayanta, ya daɗe, sannan ya mayar ya ɗauki ƙaramar.